Ranar da Ma'aikaci Ya Kwanta Ciwo, Wa Zai Biya?

(Kiɗan buɗe shiri)

  Ina gaida mutanen Galadi da Shinkafi. Ina gaida na Zurmi da Ƙauran Namoda, da duk inda muryar nan take kaiwa. Malaman makaranta, direbobi, ma'aikatan gidan burodi da na gidan mai, masu aikin ruwan leda, akawuna da masu gadi, sannunku da aiki. Alhazai da hajiyoyi masu ɗaukar ma'aikata, ku ma ku matso kusa da rediyo, domin rabin maganar yau taku ce.

Tambayarmu ɗaya ce. Ranar da ma'aikaci ya kwanta ciwo, wa zai biya?

A ƙasar nan tamu amsar tsohuwa ce: maigida. Yaron shago ya yi zazzaɓi, Alhaji ya sa hannu aljihu. Matar direba ta haihu, Alhaji ya aika da rago. Wannan hali ne mai kyau, Allah ya saka wa masu yinsa. To amma alheri yana bin kasuwa. Shekarar da aka samu, a yi. Shekarar da hanya ta rufe, kaya suka kwanta, sai a ce wa yaro ya yi haƙuri. Shi ya sa gwamnati ta ɗauki wani sashe na wannan alherin ta mayar da shi doka. Abin da a da kyauta ne, yau haƙƙi ne. Ku riƙe wannan, domin zan yi ta maimaita shi: haƙƙi ne, kuma haƙƙi sai da takarda.

Shirin namu kashi huɗu ne. Na farko, inshorar lafiya. Na biyu, diyyar wanda ya ji ciwo a bakin aiki. Na uku, fansho da abin da iyalin mamaci za su samu. Na huɗu, sabuwar dokar haraji. Daga nan sai mu taɓa tambayoyin da na san suna cin zukatanku.

(Kiɗa kaɗan)

Kashi na farko: inshorar lafiya.

Mece ce inshorar lafiya? Ku ɗauka adashi ne. Kowa yana zubi duk wata. Bambancin ɗaya ne: a nan ba a bin layi wajen kwasa. Wanda ciwo ya kama, shi ke kwasa, kuma ba kuɗi ake damƙa masa ba, asibiti ake biya ta duba shi.

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da dokar 1999, ya fara aiki a 2005. Shekara da shekaru galibin masu cin moriyarsa ma'aikatan gwamnatin tarayya ne. A yankinmu, ka ce irin ma'aikatan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda. Sauran jama'a kuwa, kowa tasa ta fisshe shi.

A watan Mayun 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka. Ita ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ake kira NHIA. Babban abin da ta canza shi ne wannan: inshorar lafiya ta tashi daga ganin dama, ta zama dole a kan duk mazaunin Najeriya. Kuma dokar ta ambaci masu ɗaukar aiki ƙarara. Duk ma'aikatar da ke da mutum 5 zuwa sama, ta gwamnati ce ko ta ɗan kasuwa, ta shiga ciki.

Mutum 5 fa na ce, jama'a. Ba 50 ba. Hajiya mai makarantar kuɗi a Shinkafi, ƙirga malamanki. Alhaji mai gidan burodi a Ƙaura, ƙirga masu kwaɓi da masu gashi da mai kai kaya. In sun kai 5, da kai dokar take.

Yaya ake zubin? A tsarin hukumar ta ƙasa na masu albashi, mai aiki yana ba da kashi 10 cikin 100 na ainihin albashi, ma'aikaci yana ba da kashi 5. Ainihin albashi na nufin tushensa, kafin a ɗora alawus. Wannan zubi yana ɗaukar ma'aikaci, da abokin aure ɗaya, da 'ya'yan cikinsa 4 da ba su kai shekara 18 ba. Mai mata biyu da 'ya'ya 9, na ji ka. Ana ƙara sunayen sauran, amma da ƙarin kuɗi. In likita ya rubuta magani, kashi 10 cikin 100 na kuɗinsa za ka biya. Maganin Naira 8,000, kai Naira 800 ce taka.

Dokar ta kuma jingina aikin ga jihohi. A nan Zamfara muna da hukumar kiwon lafiya ta taimakekeniya, ZAMCHEMA. Kano da Katsina da Sakkwato duk suna da irinta. Kowace jiha da nata ƙa'idar zubi, saboda haka a bakin hukumar za ka ji adadin da ya hau kanka, ba a bakin mai shayi ba.

Ga kuma abin da ya shafi 'yan kwangila. A 2025, Shugaba Bola Tinubu ya umarci ma'aikatun tarayya su riƙa neman takardar shaidar inshorar lafiya daga masu neman kwangila a hannunsu. Wato wanda bai yi wa ma'aikatansa rajista ba, ya rage wa kansa kasuwa.

Kafin mu bar wannan kashi, dokar ƙwadago ta tanadi abu biyu da mutane da yawa ba su sani ba. Ma'aikacin da ciwo ya kwantar yana da hutun jinya har kwana 12 na aiki a shekara, da albashinsa, in ya kawo takardar likita. Mace mai juna biyu tana da hutun mako 12, wato 6 kafin haihuwa da 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi, in ta kai wata 6 a wurin aikin. Takardar likita fa. Haƙƙi sai da takarda.

(Kiɗa kaɗan)

Kashi na biyu: diyyar rauni a bakin aiki.

Ku zo mu leƙa wani injin casar shinkafa. Ƙarfe 11 na safe, ƙura ta turnuƙe, ƙarar inji ba ta barin ka ji maganar na kusa da kai. Bel ya zame. Wani saurayi ya miƙa hannu zai mayar da shi ba tare da an kashe inji ba, don buhu 20 na jira. Ƙiftawar ido, yatsu biyu sun tafi. An naɗe hannun da rawani, an ɗora shi a babur sai asibiti. Maigida ya biya kuɗin ɗinki, ya ƙara masa da kwanon shinkafa. Bayan wata biyu an ɗauki wani a gurbinsa.

Doka ba ta yarda maganar ta ƙare a nan ba. A watan Disambar 2010, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar biyan diyya ga ma'aikata. Hukumar da ke riƙe da asusun diyyar ita ce NSITF. Kowane mai ɗaukar aiki zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata. Kashi 1 tak. Mai ma'aikata 8 da ke biyan Naira 600,000 a wata, Naira 6,000 ce tasa. Kuma ku ji da kyau: daga aljihun maigida take fita. Doka ta hana a cire ta daga albashin ma'aikaci.

Wa dokar ta ɗauka a matsayin ma'aikaci? Na dindindin, da na wucin gadi, da lebura mai aikin yini, da yaro mai koyon sana'a, har da ɗan aikin gida in ba ɗan gidan ba ne.

Me asusun yake biya? Kuɗin jinya. Diyyar naƙasa. Diyya ga iyali in rai ya yi halinsa. Yana kuma ɗaukar cutar da aikin ne ya jawo ta, irin ciwon ƙirji na shaƙar ƙura ko kurumta ta ƙarar inji. Har hatsarin da ya rutsa da mutum a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki yana ciki. Malamin da ke tashi daga Galadi zuwa Shinkafi a kan babur kullum safiya, ka ji.

Amma akwai wa'adi, kuma a nan ne mutane ke faɗuwa. Ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aiki cikin kwana 14. Mai aiki ya sanar da hukuma cikin kwana 7. Takardar neman diyya ta shiga cikin shekara 1. Zan sake faɗa: kwana 14, kwana 7, shekara 1. Kada kunyar maigida ta sa ka yi shiru har lokaci ya wuce. Sanarwar ba ƙara ba ce. In maigidanka yana zubi, hukuma ce za ta biya, ba shi ba.

(Kiɗa kaɗan)

Kashi na uku: fansho da inshorar rai.

Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya ba da aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya ba da kashi 8. Jimilla 18. Kuɗin suna shiga wani asusu mai ɗauke da sunanka da lambarka. Ba na kamfani ba ne, naka ne. In ka bar gidan mai na Zurmi ka koma aiki Gusau, asusunka yana biye da kai. Hukumar Fansho ta Ƙasa, PenCom, ita ke sa ido.

A wajen 'yan kasuwa, dokar ta wajaba a kan mai ma'aikata 15 zuwa sama. Masu sana'ar kansu kuma, an buɗe musu ƙofa tun 2019 da tsarin ƙaramin fansho: tela, makaniki, mai kemis, kowa na iya zuba abin da ya sawwaƙa. Ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi kuwa, dokar fanshon jiharsu ce ke tafiyar da su.

Mai aiki yana da kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin. In ya makara, akwai tara da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 a kowane wata ba. Malam, in an cire maka kuɗin fansho amma wata uku ba ka ga saƙo a wayarka ba, ka tambaya. Cikin ladabi, amma ka tambaya. Wanda ya rasa aiki ya yi wata 4 bai samu wani ba, yana iya cirar kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara.

Yanzu ga wadda iyalai da yawa ke asara a kanta. Dokar nan ta ɗora wa mai aiki ya yi wa ma'aikatansa inshorar rai ta bai-ɗaya, da kuɗinsa. In ma'aikaci ya rasu yana cikin aiki, magadansa za su karɓi aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara. Mai ɗaukar Naira 100,000 a wata, shekararsa Naira miliyan 1 da dubu 200. Ninki uku, miliyan 3 da dubu 600. In mai aiki bai yi inshorar ba, nauyin biyan yana wuyansa.

Uwargida, wannan taki ce. Kin san sunan kamfanin fanshon maigidanki? Kin san inda takardar ɗaukarsa aiki take? Yau da dare, bayan an ci tuwo, ki tambaye shi. Tambayar ba fatan mutuwa ba ce. Marayu ake yi wa tanadi.

(Kiɗa kaɗan)

Kashi na huɗu: sabuwar dokar haraji.

A ranar 26 ga Yunin 2025, Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda 4. Babbar cikinsu ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. An yi ta ce-ce-ku-ce a kansu, musamman a nan Arewa. Mu yau ba siyasar muka zo yi ba. Abin da ya shafi albashinka za mu duba.

Harajin albashi, wanda ake kira PAYE, tun kafin kuɗi su zo hannunka ake cire shi. Mai aiki ne ke cirewa, ya kai wa hukumar tara kuɗin shiga ta jiha kafin ranar 10 ga wata mai zuwa ta wuce.

Abu na farko da ya canza: Naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji a kanta. Abin da ya ɗora a kai, har zuwa miliyan 3, kashi 15 cikin 100. Daga nan yana hawa, har ya tsaya a kashi 25 ga masu samun sama da miliyan 50. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi, wato Naira 70,000 da dokar 2024 ta tsayar, an ɗauke masa harajin albashi.

Abu na biyu: an soke tsohon rangwamen da ake yi wa kowa kai-tsaye. A madadinsa an kawo rangwamen haya. Kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da ka biya a shekara, amma ba zai wuce Naira 500,000 ba.

Abu na uku, kuma shi ne ya haɗa wannan kashi da na baya: kafin a lissafa harajinka, ana fara ware kuɗin fanshonka, da zubin inshorar lafiyarka, da na asusun gidaje na ƙasa, da abin da ka biya na inshorar rai. Haraji ba ya taɓa su.

Ku ɗauko biro mu yi lissafi tare. Malama ce a wata makarantar kuɗi, albashinta Naira 100,000 a wata. A shekara, miliyan 1 da dubu 200. In ba ta cikin komai, a cire 800,000, saura 400,000. Kashi 15 na wannan, Naira 60,000 ke nan a shekara.

To a ce tana zubin fansho, Naira 96,000 a shekara. A ce zubin lafiyarta 24,000. Tana biyan haya 100,000, rangwamenta 20,000. A haɗa, 140,000. Yanzu abin da haraji zai hau ya koma 260,000. Kashi 15, Naira 39,000. Daga 60,000 zuwa 39,000. Ta tsira da Naira 21,000, ga katin asibiti a jaka, ga fansho yana taruwa.

Amma rangwamen haya ba ya zuwa da kansa. Sai ka nema, ka nuna shaida. Mu kuwa a nan, sau da yawa hannu da hannu ake biyan mai gida, shaida sai Allah. Daga bana ka ce, "Baba, a rubuta mini rasit." Kwanan wata, adadi, sa hannu. Haƙƙi sai da takarda.

Masu ɗaukar aiki, ga naku. Abin da kuka kashe a kan fansho da inshorar ma'aikata yana cikin kuɗin gudanar da kasuwanci, ana ware shi kafin a auna ribar da za a yi wa haraji. Kyautar da aka miƙa a zaure kuwa, babu littafin da ya san da ita. Sannan in kun ba ma'aikaci gida ko mota, doka tana ƙiyasta amfanin da yake ci ta haɗa da albashinsa. Ga mota, kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayenta a shekara. Ku gaya wa akantanku ya duba. Wanda kuma aka sallama daga aiki aka ba shi diyyar sallama, babu haraji a kanta har zuwa Naira miliyan 50.

(Kiɗa kaɗan)

Yanzu ga tambayoyi uku da na san ana yi a majalisa.

Ta farko: "Malam, inshora ba ta saɓa wa addini ba?" Tambaya ce mai nauyi, kuma fatawa ta malamai ce. Abin da zan gaya muku shi ne an tanadi hanya. Akwai takaful, wato inshorar da aka gina a kan taimakekeniya bisa tsarin Musulunci, kuma hukumar inshora ta ƙasa ta fitar da ƙa'idojinta tun 2013. A fansho ma akwai wanda ake kira asusu na 6, wanda ba a juya kuɗinsa a harkar ruwa. Kana iya neman a mayar da kai can.

Ta biyu: "Me kati zai yi mini in asibitin garinmu a rufe yake?" Gaskiya ce mai ɗaci. Matsalar tsaro ta kori ma'aikatan lafiya daga ƙauyuka da dama a Zurmi da Shinkafi, kuma akwai ranakun da hanya ba ta biyuwa. Kati ba ya buɗe hanya. Abin da ke hannunka shi ne zaɓi. Lokacin rajista, ka zaɓi asibitin da ƙafarka za ta iya kaiwa, ba mai babban suna ba. In ciwo ya fi ƙarfinsu, su za su ba ka takardar turawa zuwa babban asibiti, ko Ƙaura ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau. Ka riƙe takardar nan da kyau, ita ce ke sa a karɓe ka a kan katinka.

Ta uku daga masu gida take: "Kasuwa ta mutu, ina zan samo duk wannan?" Alhaji, mun san halin da ake ciki. Amma ka auna. Naira 6,000 a wata, da kuɗin aikin tiyata na dare ɗaya, wanne ya fi nauyi? Rigakafi ya fi magani. Ka fara da kashi 1 na diyya, shi ya fi sauƙi. Ka bi da rajistar lafiya. Ka zauna da yaranka ka yi musu bayani, don kada su ga an taɓa albashi su ɗauka zalunci ne.

In kuma magana ta ƙi daidaituwa, akwai ofishin ƙwadago, akwai ƙungiyar ma'aikata, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda aikinta ke nan. Sai dai duk inda ka je, tambayar farko ɗaya ce: ina takardarka?

Saboda haka ga aikin gida, abu uku kafin ƙarshen wata. Ɗaya, ka nemi takardar ɗaukar aiki. Dokar ƙwadago ta ce a ba ka ita cikin wata 3 da fara aiki. Biyu, ka nemi takardar albashi mai nuna abin da aka cire da inda aka kai shi. Uku, ka karɓi rasit na haya, ka haɗa su duka a leda ɗaya, ka nuna wa iyalinka inda ka ajiye.

Lambobin kuma kada su shige muku: mutum 5, inshorar lafiya. Kashi 1, diyyar rauni. Mutum 15, fansho. Naira 800,000, babu haraji.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu juya ga waɗanda ba su da albashi: manomi, ɗan acaɓa, mai sayar da ƙosai, da yadda su ma za su yi rajistar lafiya. Wanda ya ji shirin yau ya gaya wa wanda bai ji ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Sai mun haɗu. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)